Yadda ɗaliba za ta kare kanta idan malami ya matsa mata ko aka nuna mata wariya a jami'a

Wata ɗaliba ta taɓa shigowa ofishina ranar da aka manna sakamakon jarrabawa, ta zauna ta kasa cewa komai sai hawaye. Karo na biyu ke nan tana faɗuwa kwas ɗaya. Da ta natsu sai ta ce min malamin kwas ɗin ya kusa shekara yana kiranta cikin dare, yana turo mata saƙonni ta WhatsApp, ya kuma faɗa mata baki da baki cewa ba za ta ga maki ba sai ta zo sun fahimci juna. Na ce, "'Yata, ina saƙonnin?" Ta ce ta goge su kaf, domin yayanta yakan ɗauki wayarta, tana tsoron ya gani a ce ita ta kai kanta.

Na yarda da maganarta a ranar, har yau kuma ban sauya ba. Sai dai kwamitin bincike ba ya aiki da yardata, da abin da aka ajiye a gabansa yake aiki. Jami'a wuri ne da takarda take magana. Wanda ya gane haka tun daga ranar farko ya riga ya yi rabin aikin kare kansa, kuma abin da nake so in koya miki ke nan. Da mace nake magana domin mata ne abin ya fi shafa, amma ɗalibi namiji da aka matsa masa, ko aka tsangwame shi saboda yarensa ko addininsa ko wata nakasa, matakan nan nasa ne shi ma.

Mataki na farko: ki kira abin da sunansa

Da yawa daga cikin ɗalibai sukan shafe watanni suna tambayar kansu ko dai su ne suke yi wa malami mummunar fahimta. Ga ma'auni mai sauƙi. Idan wanda yake da iko a kan makinki, ko furojek ɗinki, ko gadonki a ɗakin kwanan ɗalibai, ya haɗa wannan ikon da neman jikinki, ko da wasa ya faɗa, cin zarafi ne. Haka taɓa jiki ba da izini ba, kulle ƙofar ofis bayan kin shiga, yawan magana a kan surarki, turo hotunan batsa, kiran dare da ba shi da alaƙa da karatu, ko cewa ki kawo aikinki otal ko gidansa. Ba malami kaɗai ba: ma'aikacin ofishin jarrabawa, mai gadi, wakilin aji, ɗan ƙungiyar ɗalibai, duk suna iya aikatawa.

A wajenmu abin yakan zo da rigar aure. Malami ya ce shi da gaskiya ya zo, aurenki yake so. Neman aure ba laifi ba ne, amma mai neman aure na gaskiya gidan iyaye yake zuwa, kuma idan aka ce masa a'a ba ya hucewa a kan takardar jarrabawa. Da zarar kin ƙi sai makinki ya fara raguwa, ko ya daina duba babin da kika kai masa, to maganar ta tashi daga neman aure.

Ki kuma cire wannan karin maganar daga ranki, ta in ɓera da sata daddawa ma da wari. Za ki ji ta a bakin mutane, har da mata 'yan'uwanki. Ɗaliban da suka kawo min kuka akwai masu dogon hijabi, akwai matan aure, akwai masu goyo. Wanda aka ba amanar aji shi ne babba, nauyin kame kai a wuyansa yake.

Mataki na biyu: ki fara ajiye shaida tun yau

A nan zan daɗe, domin a nan ake cin nasara ko a faɗi.

Kada ki goge komai. Saƙon tes, hirar WhatsApp, saƙon murya, jerin kiran da ya yi miki da lokutansu, duk ki bar su yadda suke. Ki ɗauki hoton fuskar wayar yadda lambarsa da kwanan wata da lokaci za su fito, domin suna kawai da kika ajiye shi da shi a wayarki ba ya tabbatar da cewa shi ne. Ki yi hakan nan take, saboda WhatsApp yana ba mai turo saƙo damar goge shi daga ɓangarorin biyu, wasu kuma sukan kunna tsarin saƙo mai ɓacewa da kansa. Idan kin ga an kunna shi, ki ɗauki hoton wannan sanarwar ma. WhatsApp yana da wurin fitar da hira gaba ɗaya a tura ta imel, ki yi amfani da shi.

Idan damuwarki irin ta waccan ɗalibar ce, wato wani a gida ya ga wayar, ki buɗe sabon imel da ba wanda ya san shi, ki tura komai can, ki kuma ba wata amintacciya kwafi. Amma iya ƙoƙarinki ki bar na asali a cikin wayar, kada kuma ki sayar da ita ko ki ba wani. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya yarda a karɓi shaidar da aka ciro daga waya ko kwamfuta a kotu, sai dai za a so a san daga wace na'ura ta fito da yadda aka ciro ta. Kada ki yanke saƙon murya, kada ki goge naki amsoshin ki bar nasa. Ko da akwai inda kika yi dariya ko kika lallaɓa shi don tsoro, ki bar shi. Masu bincike sun san yadda mai tsoro yake magana, amma hirar da aka yi wa gyara tana rushe ƙara baki ɗaya.

Sai ki sami ƙaramin littafi. Duk ranar da wani abu ya faru ki rubuta kafin ki kwanta: kwanan wata, ƙarfe nawa, a ina, me ya ce da kalmominsa, me kika ce, wa yake kusa, wa kika fara gaya wa bayan kin fito. Abin da aka faɗa a ofis babu saƙon da zai nuna shi, amma rubutun da aka yi a ranar ya fi tunanin da za a yi bayan wata takwas nauyi. Kwamiti zai tambaye ki ranaku, idan kika riƙa cewa "kamar dai a zangon farko ne", wanda kike ƙara zai yi amfani da wannan.

Ki haɗa da takardun karatunki: takardun gwajin da aka dawo miki da su, makin aikin gida, shaidar halartar lakca, katin jarrabawa, da sakamakonki na sauran kwasa-kwasai. Ɗalibar da take cin sauran kwasa-kwasanta lafiya amma take faɗuwa a guda ɗaya, takardunta da kansu suna tayar da tambaya.

Don ki san wannan aikin ba na banza ba ne: a 2018 wata ɗalibar digiri na biyu a Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife ta naɗi hirarta ta waya da malaminta, Farfesa Richard Akindele, inda yake neman lalata da ita kafin ya ɗaga mata maki. Jami'ar ta kore shi a shekarar, hukumar ICPC mai yaƙi da cin hanci ta gurfanar da shi, ya amsa laifinsa, a watan Disamba na 2018 Babbar Kotun Tarayya da ke Osogbo ta ɗaure shi shekara biyu. Farfesa ne sukutum, ita kuma ɗaliba, abin da ya daidaita su a gaban shari'a shi ne wannan sautin.

Mataki na uku: ki ƙi sau ɗaya, a rubuce, ki kuma gyara yadda kike haɗuwa da shi

Idan kin ga babu haɗari, ki tura masa gajeren saƙo mai ladabi wanda ba shi da harshen damo: "Malam, ina roƙon mu tsaya a kan harkar karatu kawai. Ba na son irin waɗannan saƙonni da kiran dare." Kada ki zage shi, kada ki yi masa barazana, kada ki shiga doguwar muhawara. Amfanin saƙon biyu ne. Wani da ya ga haka yakan ja da baya. Wanda kuma ya ci gaba, ya rasa bakin cewa da yardarki ake yi. Idan kina jin tsoron abin da zai biyo baya, ki tsallake wannan ki wuce mataki na gaba, ba dole ba ne.

Daga nan kada ki ƙara shiga ofishinsa ke kaɗai. Ki tafi da ƙawa, ki je a lokacin aiki, ki zauna kusa da ƙofa. Aikin furojek ki riƙa turawa ta imel ko ki bayar ta hannun sakataren sashe a rubuta ranar da aka karɓa. Kada ki karɓi kuɗi, kati, ko ragin hanya a motarsa, domin irin wannan ƙaramar kyauta ce ake fito da ita ranar bincike.

Mataki na huɗu: ki gaya wa wani

Mai irin wannan hali da shirun ɗaliba yake cin kasuwarsa. Ki zaɓi mutum ɗaya ko biyu masu riƙe sirri: wata malama da kika yarda da ita, ma'aikaciyar sashen ba ɗalibai shawara, ko wata babba a ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSSN ko ta Kirista irin su FCS. Ki gaya musu da wuri, domin wanda aka gaya wa tun abin yana faruwa yana iya tsayawa shaida.

Maganar gida ita ce mai wuya, na sani. Ɗalibai da yawa a Arewa ba korar jami'a suke tsoro ba, tsoronsu Baba ya ce, "Dama na faɗa, tattaro kayanki ki dawo." Ki fara da wanda ya fi fahimtarki, ko Umma, ko wata gwaggo, ko yayar da ta yi jami'a, ki nuna mata shaidar da kika tara da saƙon da kika tura na ƙin amincewa. Matar aure kuma ita ta san halin mijinta, amma sau da yawa gara ya ji daga bakinta a gaban wani babba da ya tsinci labarin a waje.

Ku kuma iyaye, roƙona gare ku ɗaya ne. Ranar da 'yarku ta kawo muku irin wannan magana, kada kalmar farko ta zama "me kika je yi ofishinsa". Cire ta daga makaranta hukunta ta ne a kan laifin wani, shi kuma yana nan a kujerarsa yana jiran 'yar wani. Uba ko kawu ya sa babbar riga ya raka 'yarsa ofishin shugaban tsangaya yana sauya yadda ake karɓar ƙara, na ga haka da idona.

Mataki na biyar: ki rubuta ƙorafi

Kafin ki rubuta, ki nemo littafin dokokin ɗalibai da aka ba ku lokacin rajista, da takardar manufar jami'arku kan cin zarafi idan akwai. Bayan binciken ɓoye da sashen BBC Africa Eye ya fitar a watan Oktoba na 2019 a kan malamai masu neman lalata da ɗalibai a Jami'ar Legas da Jami'ar Ghana, jami'o'i da dama sun fitar da irin wannan takarda ko sun kafa kwamiti na musamman. A ciki za ki ga ofishin da aka ware.

Idan ba a fayyace ba, tsarin da aka saba shi ne daga kodinetan aji zuwa shugaban sashe, zuwa shugaban tsangaya, zuwa shugaban harkokin ɗalibai, sannan magatakarda da shugaban jami'a. A al'ada takarda tana bi ta hannun shugaban sashe. Amma idan shi ne wanda kike ƙara, ko kin san amininsa ne, ki tsallake shi, ki rubuta dalilin tsallakewar a cikin takardar. Ƙorafi na baki a bar shi a matsayin share fage kawai, domin wanda kika gaya wa yana iya mantawa, ko a sauya masa wurin aiki, ko ya ce bai taɓa ji ba.

Takardar kada ta wuce shafi biyu. Ki sa sunanki, lambar rajista, sashe da aji. Ki faɗi sunan wanda kike ƙara da matsayinsa a kanki. Ki jero abubuwan da suka faru bi da bi da ranakunsu, da kalmomin da ya faɗa. Ki lissafa shaidun da kika haɗa, kwafi za ki bayar, na asali yana hannunki. Ki faɗi abin da kika gani da idonki ko kika ji da kunnenki kawai, jita-jitar abin da ya yi wa wasu ki bar ta sai masu ita sun zo da kansu. A ƙarshe ki rubuta abin da kike nema a fili: a yi bincike, a sauya miki mai duba furojek, a ba wani malami takardar jarrabawarki ya duba, a hana shi tuntuɓarki, a kuma riƙe sunanki a sirrance iya wanda aikin ya shafa.

Ki yi kwafi biyu. Wanda ya karɓa ya buga hatimi, ya sa hannu da kwanan wata a kan naki. Kada ki bar ofishin sai da wannan kwafin, ko da an ce ki dawo gobe, ki tsaya cikin ladabi ki ce za ki jira. Bayan mako biyu idan shiru, ki rubuta tunatarwa ki haɗa da hoton takardar farko, ki aika wa ofishin da ke sama.

Idan ku da yawa ne abin ya shafa, kowace ta rubuta tata da hannunta, ku miƙa a lokaci guda. Ƙara ɗaya ana iya cewa ƙiyayya ce, amma biyar masu ranaku daban-daban da salo iri ɗaya suna da wuyar turewa. A watan Agusta na 2023 ɗaliban tsangayar shari'a ta Jami'ar Kalaba sun fito tare sun yi zanga-zanga a kan shugaban tsangayarsu bisa zargin cin zarafin ɗalibai mata, jami'ar ta dakatar da shi, daga baya ICPC ta kai shi kotu.

Mataki na shida: ki tsare makinki

Yawancin jami'o'i suna da tsarin neman a sake duba takardar jarrabawa. Akan biya kuɗi, a rubuta ta hannun magatakarda ko ofishin jarrabawa, a ba wani malami dabam, wani lokaci daga wata jami'ar. Wa'adin nema yakan yi gajere bayan fitar sakamako, saboda haka ki duba littafin dokoki da wuri. Kada ki daina zuwa lakcarsa don ɓacin rai, domin rashin cika adadin halarta hujja ce ta hana ki jarrabawa wadda ba ruwanta da ƙararki. Ki zauna cikin mutane, ki sa hannu a takardar halarta, ki fita tare da jama'a.

Mataki na bakwai: ranar kwamiti

Za a kira ki, za a kira shi, kuma za a ba shi damar kare kansa har ya yi miki tambayoyi. Kada wannan ya sa ki ga kamar an goya masa baya. Tun shari'ar Garba da Jami'ar Maiduguri a 1986 Kotun Ƙoli ta nuna cewa hukuncin jami'a da bai ba wanda ake tuhuma cikakkiyar damar kare kansa ba yana rushewa. Sauraronsa da kyau shi ne yake sa hukuncin ya tsaya idan ya garzaya kotu, kuma shi ne yake kare malamin da aka yi wa ƙage, domin hakan ma yana faruwa.

Ki karanta littafinki daren ranar. Ki nemi izinin zuwa da mai raka ki. Abin da ba ki tuna ba ki ce ba ki tuna ba, kada ki cike gurbi da zato. Idan a cikin kwamitin akwai wanda kika san na hannun damansa ne, ki faɗa tun kafin a fara, a rubuta. Idan aka fara tambayarki kayan da kike sawa ko samarin da kika taɓa yi, ki ce cikin natsuwa wannan ba ya cikin abin da kika kawo ƙara a kai. Duk takardar da aka ce ki sa wa hannu ki karanta ta tukuna.

A wannan tsakanin ne 'yan sulhu suke fitowa. Za a turo miki dattijo, ko wata malama, a ce mutumin nan yana da iyali, ki rufa masa asiri Allah ya rufa naki, a bar kaza cikin gashinta. Yafiya hakkinki ce, ba mai ƙwace miki ita, ba kuma mai tilasta miki. Abin da nake so ki auna shi ne, janye ƙara ba ya dawo da maki sai an rubuta hakan, kuma 'yan aji ɗaya da za su shigo baɗi ba a tambaye su ba. Duk wanda ya kira ki da barazana ko tayin kuɗi, ki rubuta a littafinki ki sanar da kwamiti.

Idan jami'a ta yi shiru

Akwai ƙofofi a waje. ICPC tana ɗaukar neman lalata don ba da maki a matsayin amfani da muƙami ta hanyar da ba ta dace ba a ƙarƙashin dokarta ta 2000, tana da ofisoshi a jihohi, tana kuma karɓar ƙorafi a rubuce. Akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa, da Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, da ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA wadda take taimaka wa mata marasa ƙarfi kyauta. Dokar hana cin zarafin mutane ta 2015, wadda aka fi sani da VAPP, tana aiki a Abuja ƙarƙashin kulawar hukumar NAPTIP mai yaƙi da fataucin mutane, jihohi da yawa kuma sun yi tasu, sai ki tambayi lauya halin da jiharku take ciki. Majalisar Dattawa ta amince da ƙudiri na musamman kan cin zarafin ɗalibai a manyan makarantu a watan Yuli na 2020, wanda Sanata Ovie Omo-Agege ya gabatar, amma wa'adin waccan majalisar ya ƙare a 2023 ba a sa masa hannu ba. Hukuncin Osogbo ya nuna dokokin da ke ƙasa ma suna iya kama mai laifi.

Facebook da X ki bar su a ƙarshe, bayan shawarar lauya. Abin da aka wallafa ba ya dawowa, yana iya jawo miki ƙarar ɓata suna, kuma zagin da za ki sha daga waɗanda ba su san komai ba yana da nauyi.

Idan abin ya kai ga fyaɗe, duk jerin nan ya dakata, asibiti ne farko. Maganin kariya daga cutar HIV cikin awa 72 ake fara shi, kuma gwargwadon saurin farawa gwargwadon amfaninsa. Idan za ki iya, kada ki yi wanka ko ki wanke kayan da ke jikinki kafin likita ya duba ki, ki sa kayan a jakar takarda. Ko kin riga kin yi wanka, ki je duk da haka. Akwai cibiyoyin da aka ware don wannan, irin su Waraka a Kano, Salama a jihar Kaduna, Nana Khadija a Sakkwato da Mirabel a Legas. Fyaɗe laifi ne na 'yan sanda da kotu, ya fi ƙarfin kwamitin jami'a.

Idan wariya ce

Wariya ba ta cika barin saƙo a waya ba, shi ya sa littafin nan ya fi muhimmanci a kanta. Malami ya riƙa kwaikwayon harshen ɗalibi a aji ana dariya, ko a riƙa jifan wani da "aboki" a Kudu, ko "arne" da "nyamiri" a Arewa, ko a raba masu duba furojek da gadajen kwana bisa ƙabila, ko a sa gwaji daidai lokacin sallar Juma'a ko ibadar Lahadi a ƙi sauraron uzuri, ko a kori mai ciki daga aji. Mu ma mu duba kanmu a nan, domin a jami'o'in Arewa mu ne masu rinjaye, ɗalibin da ya taso daga Binuwai ko Inugu baƙonmu ne.

Sashe na 42 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya hana nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabila, asali, jinsi, addini ko ra'ayin siyasa. Sashe na 34 ya kare mutuncin ɗan'adam, na 38 kuma 'yancin addini, a kansa ne Kotun Ƙoli ta tabbatar wa ɗalibai mata Musulmi 'yancin sa hijabi a makarantun gwamnatin jihar Legas a watan Yuni na 2022. Ki ambaci sashen da ya dace a takardarki. Ki kuma nemi 'yan aji biyu ko uku da suka ji abin da aka faɗa, zai fi kyau a sami wanda ba yarenku ko addininku ɗaya ba.

Masu buƙata ta musamman suna da dokarsu, wadda aka sa wa hannu a watan Janairu na 2019, ta kuma ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyoyin shiga. Wa'adin ya wuce. Ɗalibi mai keken guragu da aka sa wa lakca a bene, ko makaho da yake buƙatar mai karanta masa tambayoyi da ƙarin lokaci, ya rubuta buƙatarsa ga shugaban sashe tun makon farko na zango, ba a fafe gora ranar tafiya. Idan aka yi biris, akwai Hukumar Kula da Masu Buƙata ta Musamman ta Ƙasa.

Ga 'yan aji da mu malamai

Kai ɗan aji, idan ka ga an tsare wata a ofis an rufe ƙofa, ƙwanƙwasa ka ce ka zo tambaya ne. Idan aka yi wa wani dariya saboda harshensa, kada ka taya, bayan lakca ka same shi ka ce ka ji abin da aka faɗa kuma za ka faɗa idan an tambaye ka. Hoton wata da aka turo zauren WhatsApp na aji don a ci mutuncinta, kada ka tura gaba, ka ɗauki shaida ka ba ta. Wakilin aji kuma kada ya yarda ya zama ɗan aiken da ake karɓar lambobin 'yan mata ta hannunsa.

Mu malamai mun san junanmu, mun san ofishin da ɗalibai mata suke tsoron shiga. Abin da shugaban sashe zai iya yi a wannan zangon ba ya buƙatar kasafin kuɗi: a manna lokutan ganin ɗalibai a ƙofar kowane ofis, a bar ƙofa a buɗe lokacin ganawa, a hana duba furojek a wajen makaranta, a riƙa nuna wa ɗalibai makin gwajinsu kafin jarrabawa, a sa malami na biyu ya bi takardun da aka kayar, a ware mutum biyu, mace da namiji, da za a iya kai wa kuka ba tare da an bi ta kan kowa ba. Ranar da ake wayar da kan sababbin ɗalibai a faɗi sunayen mutanen nan biyu da lambar ofishinsu da babbar murya, da Hausa da Turanci, a kuma rubuta a allon sanarwa na ɗakunan kwanan mata.